Hannuwan Eufemia

Gwamnati ta ba tasharmu lamba da wasu haruffa, amma ban taɓa jin mutumin Santa Rufina ya kira ta da su ba. Kowa Rumfa yake cewa. An faɗa a Rumfa, na gan ka a Rumfa jiya, ashe haka kunnuwanka suke. A tsohuwar rumfar ɗaure inabi Don Eleuterio Barragán ya kafa ta a 1984, bayan ya gaji da gyaran rediyon mutane. Ya sayo kyamara ɗaya ta gwanjo, ya ɗora eriya a kan tankin ruwa, ya rataya labulen matarsa Doña Chayo a bango, shi ke nan aka ce masu tsinkar inabi sun samu talabijin mai magana da harshensu. Ko injin buga ƙusa a akwatunan inabi bai fitar ba, yana nan a kusurwa yana tsatsa har ranar da muka rufe. Matan da suka taɓa aiki a rumfar in sun shigo sukan kauce masa, suna cewa ya ci yatsun mutane ba adadi. Mu kuwa a kansa muke ajiye kofunan gahawa.

Sunana Herminia Zepeda, a tasha ana ce mini Minia. Ina da shekara ashirin da biyu Don Eleuterio ya ɗauke ni, don kawai ya ga rubutuna a jikin akwatunan inabi ya yi kyau. Ya ce ai kaset ma akwati ne. Shekara talatin da uku ina riƙe da kaset ɗin tashar, ni ke rubuta musu suna, ni ke jera su, ni ke goge su.

Kada wani ya zaci muna da wani abin a zo a gani. Eriyarmu takan kai mil goma sha biyar in iska ta yi mana mutunci. Labaranmu su ne wace gona ke neman ma'aikata, wane ɗan kwangila ya gudu da mutane a rana, 'yar wa za a yi wa bikin cika shekara sha biyar, karen wa ya ɓata. Manyan tashoshin birni suna da mata masu dogon gashi da ke kuka a gidajen bene, mu kuwa muna da Don Eleuterio cikin kwat ɗin ɗaurin aurensa yana karanta farashin taya. Duk da haka in ƙarfe shida ta yi, ka bi layin gidajen ma'aikata, muryarsa za ka ji tana fitowa ta kowace taga.

Abin da ya riƙe mu a zukatan mutane shi ne shirin Ranar Matattu. Kowace biyu ga Nuwamba, daga tsakar rana har faɗuwarta, ba ma nuna komai sai mamatan kwarinmu. Tun watan Oktoba mutane ke kawo hotuna a cikin ambulan, wasu da maiƙon abinci a jiki. Nicanor mai kyamara ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, Doña Chayo ta karanta sunan mamaci da ƙauyen da aka haife shi a can Meziko. Yawancinmu kaburburan iyayenmu suna can ƙetaren iyaka, kuma ba kowa ke da takardar da za ta bar shi ya je ya dawo ba. Sai mutane suka koma ɗora akwatin talabijin a kan teburin mamata, tsakanin furanni ruwan lemo da kyandirori da burodi, su zauna suna jiran nasu ya wuce. Wanda ba shi da hoto, sai mu rubuta sunansa da fari a kan baƙin allo. Wannan baƙin allon ne ya hana ni sakat shekara ashirin da ɗaya.

Ga yadda abin ya faro. Kaset a zamanin nan tsada gare shi, namu kuma ba su fi arba'in ba. Dole a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Wanda za a ajiye sai in liƙa masa jan salatif, kuma ni kaɗai ke yanke wannan hukunci. Na ajiye zuwan magajin gari, na ajiye zagayen coci, na ajiye ranar da aka buɗe sabuwar gada. Shirin girki na ranar Alhamis kuwa ban taɓa ba shi jan salatif ba. Mata ne ke zuwa daga gona su yi abin da suke yi kullum a gida, ni a ganina me za a ajiye a nan.

Wata Alhamis a 1991 wata mata mai suna Eufemia ta zo ta yi tamale irin na ƙauyensu, wato ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawo a dafa. Mijinta Don Tiburcio Olvera, mai sassaben kurangar inabi, shi ya kawo ta a tsohuwar motarsa, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hula har aka gama. Ni ina can bayan na'ura, idona a kan allurar sauti, ina tunanin takalmin da ke matse mini ƙafa. An nuna shirin sau ɗaya. Bayan sati biyu ɗan Don Eleuterio ya yi dambe a garin maƙwabta, uban ya ce lallai a ɗauka, na miƙa hannu na zaro kaset ɗin da ya fi kusa. Damben da aka kwantar da yaron tun zagaye na biyu, shi na ɗora a kan Eufemia. Har jan salatif na liƙa masa, don ɗan mai gida ne.

Eufemia ta rasu a 1993. Bayan shekara uku gobara ta cinye gidan kwanon da Don Tiburcio ke ciki da 'ya'yansa, ta haɗa da hoton aurensu da katinta na aiki. Dama ita ba mai son hoto ba ce, danginta na ƙauye kuma ba su da ko ɗaya. Sati guda da gobarar sai ga shi a Rumfa, rigarsa ta aro, har lokacin yana warin hayaƙi. Ya ce ya tuna ta taɓa fitowa a shirin girki, ko za a taimaka a ciro masa fuskarta, ko da ta daƙiƙa ɗaya ce, a sa a shirin Ranar Matattu.

Na san inda kaset ɗin yake, yana bayana a kan kanta da sunan dambe a jikinsa. Na dubi mutumin da ya rasa komai cikin sati ɗaya, bakina ya ƙi faɗin gaskiya.

"Yana cikin sito, Don Tiburcio," na ce. "Kaya sun yi yawa, amma zan duba."

Ya yi godiya har da sunkuyawa. A lokacin na ɗauka tausayi ne ya sa ni, yanzu na san tsoro ne kawai.

Daga nan ya zama al'ada. Kowace shekara a satin farko na Oktoba, da misalin goma na safe, zai shigo riƙe da hula da 'yar jakar zabibi da ya shanya da kansa. Ya gaishe ni, ya tambayi mahaifiyata, bayan ta rasu ya koma tambayar gwiwata. Sannan ya ce ko an dace. Ni kuma in ce sito ya jiƙe, ko na'urar tsofaffin kaset ta lalace, ko saura akwati biyu ban buɗe ba. Ya ce ba komai, 'yar nan, Allah ya kai mu baɗi. Ranar biyu ga Nuwamba kuma sunan ya fito da fari a kan baƙi, Eufemia Cisneros de Olvera, Doña Chayo ta karanta, a wuce. Zabibin nan ban taɓa iya cin sa ba, Nicanor nake ba.

Tasha kuwa tana ta tsufa tare da mu. Yaran da muka nuna bikin baftismarsu suka girma suna amsa wa iyayensu da Turanci. Aka zo da faranti a kan rufin gidaje mai kamo tasha ɗari biyu, daga baya kowa ya koma kallon tafin hannunsa. Don Eleuterio ya rasu a 2009, muka sa hotonsa a shirin da shi ya ƙirƙira. 'Ya'yansa, har da ɗan damben, suka riƙe wurin kamar mai riƙe da kare na maƙwabci. A 2017 wani kamfanin waya ya nemi sayen zangon da muke watsa shiri a kai, suka sayar ba tare da sun ko shigo sun dube mu ba. Doña Chayo, tana da shekara tamanin da sanda a hannu, ta yi musu tas, amma abin da ta iya samu ɗaya ne, a bar mu mu kai biyu ga Nuwamba. In rana ta faɗi a kashe.

Da Oktoba ta kama Don Tiburcio ya zo. Wannan karon jikarsa Yesenia, ma'aikaciyar jinya, ita ta tuƙo shi, ta jira a mota. Ya rame. Bai tambayi gwiwata ba. Ya ce ya ji an ce wannan ne na ƙarshe. Na ce haka ne. Ya kalli kantocin kaset, sannan ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba, cewa in ya rufe ido yanzu ba ya ganin fuskarta. Ya ce yakan tuna rigarta mai ɗigo-ɗigo, yakan tuna yadda take tari da safe, amma fuskar ta zama kamar gilashin mota da ruwa ke zuba a kai. Jikokinsa kuma suna ta tambayarsa kamanninta.

"Ba don kaina kaɗai ba, Minia. Kada in tafi in bar su da baƙin allo."

Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ce masa bana zai gan ta. Haka kawai maganar ta fito, kamar wani ne ya faɗa da bakina.

Akwai abu ɗaya da na dogara da shi. In ka ɗora gajeren shiri a kan dogo, ƙarshen tsohon yakan rage a bayan sabon, mu muna ce masa wutsiya. Na kira Nicanor, wanda ya yi ritaya saboda rawar hannu, muka tayar da tsohuwar na'urar da ke tauna kaset in ta ga dama. Na fara da na damben. Yaron ya faɗi a zagaye na biyu, amma Nicanor, Allah ya shirye shi, ya ci gaba da ɗaukar Don Eleuterio yana zagin alƙalin wasa har kaset ya ƙare. Ko ƙyallin Eufemia bai rage ba. Nicanor ya cire tabarau ya ce da ya sani da ya kashe kyamara. Na ce da na sani ƙeya ce, kuma ba shi ya zaro kaset ɗin ba.

Duk da haka muka bi sauran, sati uku, ko an taɓa kwafar wani yanki a tallan shiri. Muka ga wutsiyoyi iri-iri, rabin bikin aure, wani limamin coci yana atishawa, Don Eleuterio da gashinsa baƙi wuluk yana gyara wuyan riga. A bayan wani tallan katifa sai ga hannuwa biyu. Hannun mace, baƙi da rana, yana shafa ƙullun masara a kan ɓawo da bayan cokali, ya zuba miya, ya naɗe, ya ajiye. Daƙiƙa goma sha huɗu, babu fuska, babu sauti. Na juya kaset ɗin, rubutuna ne a jiki, 1988. Shekara uku kafin Eufemia ta zo shirin girki.

Nicanor ya dube ni, na dube shi. Sai an san aikinmu za a gane abin da ya shiga kanmu a lokacin. Da kyamara ɗaya muke shirin girki, in tana kan fuska ba ta kan tukunya. Don haka muna da ajiyar hannuwa, masu yanka albasa, masu murza ƙullu, duk inda aka samu giɓi sai mu yi faci da su. Hannun Doña Chayo kaɗai ya yi wa mata fiye da hamsin girki, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

"Hannu ai hannu ne, Minia," in ji Nicanor. "Duk matan gonar nan hannunsu iri ɗaya ne. Ba shi tsohon nan abin da zai riƙe."

Da ma abin da nake son ji ke nan. Na yanko daƙiƙa goma sha huɗun, na rage musu gudu suka kai talatin, na rubuta sunanta a ƙasa. Na gaya wa kaina da babu gara ba daɗi.

Ranar biyu ga Nuwamba Rumfa ta cika da furanni, mutane suka yi ta kawowa kamar gidan makoki. Doña Chayo ta zauna gaban tsohon labulenta ta karanta sunaye dubu ɗaya da wani abu. Wajen ƙarfe uku aka zo kan Eufemia. A karon farko baƙin allon bai fito ba, hannuwan suka fito suna naɗe ɓawo a hankali. Ban kalla ba, idona yana kan allurar sauti duk da babu sautin. Ba a yi minti biyar ba Yesenia ta kira ni tana kuka. Ta ce duk suna gaban teburi, ta ɗauka da waya, ta tura wa dangi na Fresno da na Michoacán, ƙanwarta har tana cewa hannunta irin na kaka ne sak. Na tambaye ta tsohon fa. Ta ce ya tashi ya fita tsakar gida, abin ne ya yi masa yawa. Da rana ta faɗi Doña Chayo ta ce Allah ya ba mu alheri, ni da hannuna na ja makunnin. Na tafi gida ina jin kamar na sauke kaya, kuma ba zan ɓoye ba, har ɗan alfahari na ji.

Washegari da safe ma'aikatan kamfani suna kan tankin ruwa suna kwance eriya, ni ina ciki ina zuba kaset a kwali. Ƙarfe goma sai ga Don Tiburcio. Shi kaɗai ya zo, a motar haya, babu jakar zabibi. Na tashi da fara'ata na jawo masa kujera, bai zauna ba. Ya wuce ni ya nufi kusurwa, ya ɗauke kofin gahawata daga kan tsohon injin buga ƙusa ya ajiye a ƙasa, ya dafa ƙarfen.

"Kin san a nan muka haɗu da ita?" ya ce. "Tana da shekara sha tara. Wannan abin ya cire mata ƙaramin yatsa na hagu, ni na ɗauke ta zuwa asibiti a bayan motar inabi. Ranar da ta zo girkin nan ma sai da ta tsaya ta zage shi."

Hannuwan da na nuna wa kwarin nan gaba ɗaya yatsu goma ne cif.

Na fara magana, ni kaina ban san me nake cewa ba, wai kaset sun cakuɗe, wai rubutu ya goge. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ba da faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai na faɗa masa komai, damben, jan salatif, siton da ba a taɓa dubawa ba. Ya saurara yana juya hula. Ya ce ya daɗe da zargin haka, tun shekara ta huɗu ko ta biyar, amma muddin ina cewa zan duba, shi a wurinsa tana nan a cikin wani kwali tana jira.

"To tunda babu kaset, ke ai kina nan ranar," ya ce. "Taku uku ne tsakaninku, awa guda cur. Faɗa mini yadda fuskarta take. Ko goshinta, ko yadda take dariya."

Na rufe ido na nema da gaske. Na ga allurar sauti tana rawa, na ji takalmin nan yana matse ni, na tuna har ƙamshin miyar. Matar kuwa babu. Na ce masa ban kalle ta ba.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin abin da ya riga ya sani. Na ce zan kira Yesenia in gaya mata gaskiya, laifina ne, ni zan ɗauka. Ya ce in bari. Yaran sun kwana suna kallon abin nan, an riga an buga hoton an kai gidan 'yarsa an sa a firam, ƙaramar tana ta gwada hannunta da shi. Ya ce ba shi da zuciyar da zai ƙwace musu, kuma waɗanda suka san Eufemia da yatsa tara duk suna cikin sunayen da aka karanta jiya, in ban da shi da 'ya'yansa, su kuma ba za su faɗa wa yaran ba.

A waje wani ya yi kira a kauce, eriyar ta sauko da igiya ta kwanta a cikin ciyawa. Don Tiburcio ya sa hularsa. A bakin ƙofa, daidai inda ya tsaya ranar girkin, ya juyo.

"Fuskar ta riga ta tafi, 'yar nan, na haƙura da ita. Hannun nan kaɗai nake gani in na rufe ido, da gurbin yatsan. Jiya da na kwanta na neme shi, sai na ga wanda kuka nuna."

Ya fita yana bin gefen titi a hankali zuwa inda motar haya ke tsayawa. Na koma na ci gaba da zuba kaset a kwali, don an ce kafin azahar za a zo kulle rumfar.